Wadda Ta Tsaya a Gaɓa

Rao Xiaoman ta ci maki goma sha takwas cikin ashirin da biyar a sashen ƙarasa labari na gwajin Turanci da aka yi a watan Maris, kuma da wannan makin ta tsira da kujerarta a ajin zaɓaɓɓu. Tun watan Satumba ba ta taɓa rubuta komai a wannan sashe ba idan labarin na ceton rai ne. Farar takarda take miƙawa.

Xiaoman tana shekarar ƙarshe a babbar sakandaren gundumarmu, wadda ke kallon kogin Gan daga kan tudu. Shekarunta goma sha takwas. Malamar Turancinsu, Qiu Lanfen, ta daɗe tana shirya ɗalibai wa jarrabawar shiga jami'a, kuma ta san sashen kamar tafin hannunta. Ana ba ɗalibi rabin labari da Turanci, a ba shi jimlar farko ta sakin layi biyu, shi kuma ya ƙarasa. Yawancin labaran na jarumta ne: ɗan kwana-kwana a gidan da ya kama da wuta, direban da birki ya ƙwace masa, yaron da ƙanƙara ta fashe da shi. Don haka da irinsu take koyar da kalmomi. Kowace safiya ɗalibai na miƙewa tsaye da takardu a hannu, suna rera jimlolin da ƙarfi har su zauna a ka. Wadda suka fi ƙwarewa a kai ita ce mai cewa gwarzon ya faɗa ruwa ba tare da wata-wata ba. Yaran ajin har wasa suke da ita a layin abinci, idan wani ya kai wa naman kwanon wani hannu.

A haddar kalmomi babu wanda ke kamo Xiaoman. Idan labarin na kare ne da ya ɓace, ko na 'yan'uwan da suka yi faɗa suka shirya, takardarta ake liƙawa a bango. Amma da zarar an ambaci kogi ko gobara, sai ta karanta, ta ajiye biro, ta naɗe hannu har a kaɗa ƙararrawa.

Bayan hutun Sabuwar Shekara, Malam Kuang, shugaban malaman shekarar ƙarshe, ya kira Malama Qiu ofishinsa. Ya tuna mata da doka: bayan gwajin Maris, na ƙasan ajin zaɓaɓɓu za su koma aji na gama-gari, wasu su hau. Ya ce idan labarin ceto ya sake fitowa, Xiaoman za ta sauka, kuma daga can ƙasa ba kasafai ake kaiwa jami'ar da take so a Nanchang ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai, in ji shi, shi ne 'yar waye ce.

Duk garin ya san mahaifinta. Rao Defa yana sayar da taliyar shinkafa a rumfarsa da ke gindin tsohuwar gada. Shekaru biyar da suka wuce, lokacin da kogin ya cika, ya shiga ruwa ya fito da wani yaro da ya zame daga matakalar wanki. Jarida ta buga hotonsa. Iyayen yaron suka kawo jan ƙyalle mai rubutun zinariya, wanda har yau yake rataye a rumfar, hayaƙi ya dusashe shi. Malama Qiu da kanta ta mayar da rahoton jaridar zuwa Turanci mai sauƙi, ta sa shi cikin karatun safe. Ta ɗauka karramawa ce. Ta lura cewa ranar da ake rera shi leɓen Xiaoman ba ya motsi, sai ta ɗauka kunya ce irin ta wanda ake yabon nasa a gabansa.

Ta kira yarinyar ta tambaye ta. Xiaoman ta ce kanta ne ke toshewa, ta ba da haƙuri, ta yi alkawarin gyarawa. A gwajin mako na gaba aka kawo labarin jirgin ruwa da ya kife, ta sake miƙa farar takarda.

Ranar Lahadi da hantsi, lokacin da 'yan shekarar ƙarshe ke makaranta suna bita, Malama Qiu ta sauka zuwa gindin gada. Matar Rao, Tu Guixiang, ce ta fara ganinta. Ta goge kujera da gefen rigar aikinta, ta ɗaga murya ta ce wa mijin ya zuba wa Malama kwano, ya kuma daina ƙyashin nama. Rao ya ce shi bai taɓa ƙyashin nama ba, wuƙar ce ke yanka siriri. Malama Qiu ta ce ta ci abinci. Babu wanda ya saurare ta.

Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ta fitar da takardar karatun ta fassara musu jimla bayan jimla. Da ta kai inda aka ce ya faɗa ruwa ba tare da wata-wata ba, sai Guixiang ta tuntsire da dariya.

“Wa? Tsoho Rao? Malama, wannan mutumin ko baho zai shiga sai ya taɓa ruwan da yatsa.”

“Ke dai ba ki nan,” in ji Rao.

“Ba na nan, amma na dawo na tarar da man girkina jarka biyu a ƙasa, mutane suna santsi a kai. Gwarzo! Shi ya sa ran nan kifayen kogin nan suka kwana da maiƙo.”

Rao bai musa ba. Ya juya taliya a tukunya, ya ce iyonsa na kare ne, kuma ganin ruwan ya tsorata shi. Ya dai cire takalmi ya nufi matakalar, domin yaron na nutsewa yana tasowa, kuma shi ne mafi kusa. A nan Xiaoman ta kama masa bel ta baya da hannu biyu. Shekarunta goma sha uku a lokacin. Ya ce bai san yarinya na da irin wannan ƙarfin ba.

Malama Qiu ta tambaya ko yarinyar ta ce wani abu. Miji da mata suka kalli juna. Guixiang ce ta amsa, wannan karon babu dariya. Ta ce yarinyar ta yi ta ihu tana cewa ba ɗansa ba ne, ya bar shi. Duk wanda ke kan gada ya ji, har da uwar yaron. Tun daga nan, duk Sabuwar Shekara idan iyalin suka zo gaisuwa da lemo da giya, Xiaoman takan tafi gidan gwaggonta, ba ta dawowa sai sun tafi.

Malama Qiu ta kalli takardar da ke hannunta. Jimla ta gaba, wadda ba ta kai ga fassarawa ba, tana cewa sauran mutane sun tsaya a gaɓa suna tunanin kansu kawai. Ba ta cikin jaridar. Ita ta ƙara ta, domin ta koyar da kalmar son kai. Ɗalibai hamsin sun rera ta da ƙarfi a kunnen yarinyar, ba sau ɗaya ba.

Rao ya ci gaba da magana yana kallon tukunya. Ya ce da ta riƙe shi, dole ya juya don ya ɓamɓare yatsunta, kuma a juyawar ce idonsa ya faɗa kan jarkokin man da ke ƙarƙashin tebur. Ya tsiyaye su, ya rufe, ya ɗaura a ƙirji da igiyar rumfa. Su suka riƙe shi da yaron har masu kwale-kwale suka iso.

“Da hannu wofi zan shiga, Malama. Da gawa biyu za a tsamo.”

“Baban Xiaoman, ka taɓa faɗa mata haka?”

Ya ce ai ta sani, tana wurin. Guixiang ta ce mutumin nan yakan wuni yana zuba wa masu cin taliya surutu kan farashin alade da siyasar duniya, amma tsakaninsa da 'yarsa daga “kin ci?” sai “saka riga, akwai sanyi.” Rao ya ce su ba sa irin wannan magana a gida. Malama Qiu ta ce ita ma ba a yi a gidansu ba. Ta cinye taliyar, aka yi ja-in-ja kan biya, ta sha kaye, ta tafi.

Ranar Litinin ta cire labarin gadar daga karatun safe ba tare da ta ce komai ba. A madadinsa ta kawo wani da ta rubuta, na wani makanike da zai shiga shagon da ya kama da wuta, matarsa na riƙe da hannunsa. Ta ce wa ajin sun haddace kalmomin jarumta da yawa, amma babu mai iya cewa da Turanci gwiwa ta yi sanyi, ko murya ta sarƙe, ko wani ya roƙi wani kada ya tafi. Mako guda suka yi a kan waɗannan: rawar jiki, damƙa, magiya, saki. Wani yaro daga baya ya tambaya ko yanzu matsorata ake ba maki. Ta ce masa ya fara cin na jarumai tukuna, domin tara ya samu a gwajin baya. Ajin ya yi dariya. Xiaoman ba ta yi ba, amma leɓenta na motsi.

Malam Kuang ya ji labari ya nuna rashin jin daɗinsa. Ya ce masu duba takardu na da ɗan lokaci kaɗan kan kowace takarda, abin da suka saba gani suke nema: gwarzo ya shiga, kowa ya tsira, an koyi darasi. Duk abin da ya kauce wa wannan caca ce da makin yara. Malama Qiu ta amsa cewa farar takarda ba ta da maki ko ɗaya, don haka ga ɗaliba guda aƙalla babu abin da za a yi asara. Ya ce ta yi abin da ta ga dama, amma ba zai taɓa dokar sauka ba. Ta ce ba ta roƙa ba.

Abin da ya faru a gida, daga bakin Xiaoman aka ji shi daga baya, kuma gajere ne. Wata safiya kafin gwajin, tana cin taliya a tsaye da jaka a baya, mahaifinta ya ƙara mata ƙwai a kwano. Ya juya mata baya yana wanke tukunya, ya ce, “Ran nan da ba ki riƙe ni ba, da ban ga jarkokin ba.” Sai ya tambaya ko barkonon ya isa. Ta ce ya isa. Guixiang, wadda ke yanka albasa, ta ce albasar bana akwai yaji. Xiaoman ta kama hanyar makaranta.

Labarin da ya fito a gwajin Maris na wani yaro ne da ƙanƙarar tafki ta fashe da shi, da wani saurayi da ke wucewa tare da ƙanwarsa. Masu sa ido sun ce Xiaoman ta daɗe tana kallon takardar, har ɗayansu ya ɗauka an koma gidan jiya. Daga baya ta ɗauki biro. A nata ƙarshen, saurayin ya ji tsoro. Ƙanwar ta riƙe masa riga tana kuka tana cewa kada ya je. Da ya juya zai lallashe ta, ya hango tsani jingine da wata bukka, ya shimfiɗa shi kan ƙanƙarar ya rarrafa. Yaron ya tsira. A layin ƙarshe uwar yaron ta gode wa saurayin, sannan ta tsuguna ta ɗaure wa ƙanwar igiyar takalminta da ta kwance. Babu darasi a ƙarshe. Akwai kurakurai uku na rubutu.

Malamai biyu daga wasu makarantu suka duba takardar ba tare da ganin suna ba, kamar yadda aka saba. Ɗaya ya ba da maki mai yawa, ɗayan ya ba da kaɗan, yana ganin an ɓata wuri kan yarinyar da ba ta ceci kowa ba. Tazarar ta yi faɗi har aka kai wa na uku, shi ya tsayar da goma sha takwas. Ya isa. Xiaoman ta zo ta uku daga ƙasa a cikin waɗanda suka tsira.

Da aka liƙa sakamako, ta je ofishin malamai ta tsaya gaban teburin Malama Qiu. Ba ta yi godiya ba, malamar kuma ba ta ba da haƙuri ba. Ta tambaya yaya ake cewa da Turanci mutum ya sassauta riƙo a hankali, domin kalmar da ta yi amfani da ita ba ta gamsar da ita ba. Malama Qiu ta rubuta mata hanyoyi biyu. Xiaoman ta kuma ce mahaifiyarta ta ce a gaya wa Malama ta sauko cin taliya, amma kada ta sake fito da jakar kuɗi.

Jan ƙyallen na nan a rumfar. Iyalin yaron za su sake zuwa a Sabuwar Shekara mai zuwa, kuma Guixiang ta ce ba ta tambayi 'yarta inda za ta kasance ba. Malam Kuang bai sauya ra'ayi ba. Ya ce sa'ar mai duba na uku aka ci. Babbar jarrabawar a farkon watan Yuni take, za a duba takardun a Nanchang, kuma babu wanda ya san labarin da zai fito ko hannun da takardar Xiaoman za ta faɗa.