Taɓo a Ƙafar Hure

Shekara ta uku ke nan fari yana cin ƙasar Kunci, ƙoramar Tsamiya ta koma yashi zalla. A tsakiyar yashin nan Dabo ya tona har ya tarar da danshi, ya dasa 'yan yaɗon dankalin da suka rage masa. Su ne iri na ƙarshe a ƙauyen kaf. In suka mutu, dankali sai dai a ji labarinsa. Har tsokanarsa ake yi wai ya fi kula da su a kan matarsa, kuma masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba.

Ran nan da hantsi, sama fes, sai ga yayarsa Hure daga ƙauyen da take aure, can wajen da ƙoramar ke tasowa. Ba wanda ya amsa sallamarta. Ƙafarta kowa yake kallo: taɓo ne har idon sawu, bai ma gama bushewa ba!

"Ruwa aka yi mana da asuba kamar da bakin ƙwarya," in ji ta tana haki. "Ƙorama ta kawo!"

Gida ya kaure da guɗa. Dabo ya cilla hularsa sama, sai kuma ya tsaya cik. Ya san ƙoramar nan kamar yunwar cikinsa. Daga garin su Hure sai ta kewaye dutse, ta ratsa fadamar Fulani, sannan ta karyo nan. Hure kuwa ta cikin gonaki ta yanko. Ta riga ruwan isowa, amma da kaɗan.

"Yaya, ɗauko kwando!"

Suka zuba a guje. Yana tumɓukewa da saiwa, tana cusawa a kwando, sai suka ji rugugi. Ga ruwan nan tafe jajawur, ya turo kumfa da karare da kashin jaki a gaba. Mutanen gari sun cika gaɓa suna ta kabbara.

"Fito haka nan, Dabo!" in ji Hure, ta haye gaɓa da kwando cike a ka.

Saura kunya ɗaya bai tumɓuke ba. Ruwa ya taɓa masa dugadugai, sanyin har ƙwaƙwalwa. Daɗi ya kama shi, tsoro ma ya kama shi, yana dariya hawaye na zuba. Mutumin da ya shekara uku yana roƙon ruwa ya zo, yau shi ne ya ɗaga masa hannu.

"Don girman Allah, dakata mini kaɗan!"