Layar Ɗan'inna

Ɗan'inna ya ƙi yarda a rubuta shi bawa, shi ya sa ya rasa Madina. Maganar ke nan, babu kwana-kwana.

Yana ɗan shekara tara ya shigo ƙasar Larabawa. Ubansa Audi bawa ne a rinji, ƙauyen bayi manoma, a ƙasar Kano, ya yi shekara da shekaru yana murgu, yana neman na kansa yana biyan ubangijinsa, har ya fanshi kansa a gaban alƙali, zamanin Turawa. Alƙali ya rubuta masa takarda da Larabci cewa Audi ɗa ne, ɗansa kuwa da ma ɗa ne, tunda bayan dokar Nasara ta hana bauta aka haife shi. Baturen mulki ya buga hatimi. Audi ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata ta zama laya, ya ɗaura wa yaron a damtse, suka kama hanyar gabas da ƙafa, zai je ɗakin Allah ya yi godiya. Bai isa ba. Zazzaɓi ya kayar da shi a Sudan, can ya rasu. Madugun ayarin ya riƙe hannun yaron har Jidda yana cewa ɗansa ne, suna sauka ya sayar da shi ya yi guzuri. Daga hannu zuwa hannu, sai ga Ɗan'inna a gonar dabinon wani Balarabe a bayan Madina.

Shekara talatin da ɗoriya yana hawan dabino, ya yi barbara, ya yi sara, ƙaya ta cinye masa tafin hannu. Bai taɓa gudu ba, ina za shi? Amma bai taɓa kiran kansa bawa ba. Ya tambayi malamai a Harami, ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk suka ce ɗa ba ya sayuwa, wanda ya sayar da shi Allah yana jiransa. Wannan ya ishe shi.

Da gwamnati ta soke bauta a alif ɗari tara da sittin da biyu, aka ce kowane bawa ya je a rubuta sunansa a ba shi takardar 'yanci, da ita zai zama ɗan ƙasa. Sabiru, abokin aikinsa a gonar, shi ne na uku a layi. Ɗan'inna ya hau dabinonsa.

Kafin ya tafi, Sabiru ya tsaya a gindi yana ɗaga murya. "Sauko mu tafi, kai mai kan jaki!"

"Wa zai 'yanta ni? Ba a kwance akuyar da ba a ɗaure ba."

"An ɗaure ka mana! Bulala ɗaya muka sha ni da kai."

"Sata aka yi. Kayan sata ba ya zama na ɓarawo don ya daɗe a ɗakinsa."

Sabiru ya karɓi takardarsa. Ya sayi tasi, ya yi gida a unguwar Sih, ya yi tumbi. Ɗan'inna ya ci gaba da hawan dabino, sai dai yanzu ana biyansa. Matarsa Ƙaltume ta rasu aka binne ta a Baƙi'a, kusa da Ma'aiki. 'Yarsu Raliya ta auri ɗan Sabiru ta shiga takardar mijinta. Shi kuwa duk Juma'a in an sallame sai ya je ya tsaya jikin katangar Baƙi'a ya yi wa Ƙaltume addu'a. Ba ya neman komai a duniya sai a kwantar da shi a ƙasar nan.

Bayan aikin Hajjin saba'in da takwas aka shiga kamen marasa takarda. 'Yan sanda suka tare shi da la'asar ya fito daga Harami, aka ce ina iƙama, takardar zama, ya ce shi ya girmi iƙama a garin nan. Aka jefa shi mota.

Sabiru ya yi ta zirga-zirga har ya samo hanya. Ɗan maigidansu na da yana raye, ya tsufa, yana dogara sanda, ya kuma yarda zai yi shaida cewa Ɗan'inna bawan gidansu ne da aka manta ba a rubuta ba. In aka karɓa, shi ke nan, ya zama ɗan ƙasa.

Ranar da za a shiga ofis, Raliya ta zo da Sabiru. Ta durƙusa a gaban ubanta, tana jin Hausa amma bakinta Larabci ya fi saurin zuwa.

"Ya abuya, kalma ɗaya ce. In ya tambaye ka, ka ce na'am. Bas."

"'Yar nan, kakanki shekara goma sha ɗaya ya yi yana fansar wuyansa."

"Kakana ya mutu, Baba. Kai nake da."

Sabiru ya ce, "Ni na ce na'am, ka ga ƙaho ya fito mini? Ka ce na'am da baki, ka bar Allah da zuciya."

Ɗan'inna ya kama hannun Raliya ya ɗago ta. Suka ɗauka ya yarda. Shi ma, wallahi, ya ɗauka ya yarda.

Jami'in matashi ne, mai ladabi, har kujera ya ba su. Tsohon ɗan maigidan ya yi shaidarsa, ya ce mahaifinsa ya sayi wannan a Jidda, tare suka tashi. Jami'in ya juyo.

"Ya ammi, kai bawan gidansu ne?"

Ɗan'inna ya buɗe baki. Ya ga katangar Baƙi'a. Ya ga Audi kwance a ƙarƙashin wata bishiya a Sudan yana lalubar damtsensa ya ji ko layar tana nan. Sai ya ga wata dabara, irin dabarar wanda bai taɓa shiga ofis ba: in bawa ma ana ba shi takarda, ina ga ɗa? Ya naɗe hannun riga, ya kwance layar, ya sa haƙori ya farke ɗinkin da ya kusa shekara hamsin ba a taɓa ba.

"Karanta wannan."

Sabiru ya dafe kai. "Inna lillahi."

Jami'in ya warware takardar a hankali don kada ta karye. Ya karanta har ƙasa, ya duba hatimin, ya daɗe yana kallon Ɗan'inna.

"Gaskiyarka, ya ammi. Kai ba bawa ba ne. Ɗa ne kai, haifaffen Kano. Ga alƙali, ga hatimi."

Ɗan'inna ya waiwaya ya dubi Sabiru, fuskarsa ta washe. "Ka ji ko?"

"Na ji," in ji Sabiru. Bai ɗago ba.

Jami'in ya ce takardar 'yanci ta bayi ce, wanda ba bawa ba babu abin da za a 'yanta. Wannan baƙo ne da ya shigo ba izini, ga shaida ya kawo da hannunsa, ba shi da ikon ya ce bai gani ba. Ya sa takardar Audi cikin fayil ya rufe.

Bayan kwana tara aka sa shi a jirgi a Jidda. A Kano ba wanda ya san Audi, rinjin ma ba wanda ya san inda yake. In ya yi magana sai a yi dariya, a ce Hausar kakanni ce da Larabci. Babu dabinon da zai hau. Ya riƙa kwana a zauren wani masallaci, fatar layar tana damtsensa, babu komai a ciki.

Wata bakwai ya yi. Mutum huɗu suka ɗauki gawarsa, babu wanda ya san sunan ubansa, suka binne shi a bayan gari.