Mai Zama a Bayan Inna

"Mama, wai da gaske Kawu maƙaryaci na?"

Anisa ce ta jefo mini tambayar, ko jakar Islamiyya ba ta sauke ba. Ina tsugune a tsakar gida ina tace kunun Inna, tsakanina da ɗakin Innar kuwa labule ne kawai.

"Rage murya. Wa yac ce miki haka?"

"Sharifa. Wai babanta ya ce ƙarya Kawu yay yi a rediyo, Inna ko kallonai ba ta yi, balle ta sha kunu hannunai. Kuma ai gaskiya ta, Mama, in ya shigo bango taka kallo. Ba ta son shi na?"

Na ce ta je ta cire hijabi ta wanke ƙafa. Shekararta shida a lokacin.

Kawun da take magana yayana ne, Abdulganiyyu. Kansila ne a Kebbe, a shekarar kuma yana neman kujerar majalisar jiha. Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. Tun yana rarrafe aka miƙa shi ɗakin kakarmu Iya, shi ya sa kowa ke ce masa Na'iya. Inna kuwa, a duk garinmu Fakku an san ta da kunyar ɗan fari. Sauran mata sukan sassauta in yaro ya girma, ita ba ta taɓa sassautawa ba. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan" take cewa. In ya shigo gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa wa bango.

Amma ni na san abin da mutanen waje ba su gani. Da kaka, in an kawo sabon gero, ta daka fura ta dama da nonon da ba a taɓa shi da ruwa ba, ta zuba a ƙwaryar da ta fi kyau, ta rufe da faifai. Sai ta kira ni ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kai wa wancan, ki ce Iya tab ba shi." In na dawo ba ta tambaya ko ya sha. Ƙwaryar kawai take leƙawa. Har yau in na ji ƙamshin sabon gero, tsakar gidanmu na Fakku nake gani, da inuwar rumbu, da Inna tana leƙen ƙwarya kamar ba ita ba.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, muka ɗauko ta zuwa gidan aurena a Tambuwal saboda kusa da asibiti. Ina da tsohon cikin ƙanen Anisa. Wanka da gyara ba su gagare ni ba, da taimakon wata maƙwabciya. Abinci ne tashin hankali. Ma'aikaciyar asibiti ta gargaɗe mu cewa kada a ba ta komai sai tana zaune sosai, in ba haka ba za ta ƙware, abin ya sauka huhu. Na jera matasan kai, suka zame. Na jingina ta da bango, ta karkace ta ɓangaren da ya mutu. Ni kuma ciki ya hana ni tallafe ta.

Wata safiya Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana jin tarinta. Sai na ga ya cire takalmi, ya cire hula, ya zagaya ta kan gado ya zauna a bayanta. Ya jingina bayanta da ƙirjinsa, ya riƙe ta da hannun hagu, ya miƙo mini na dama. Na sa masa cokali.

Na zaci za ta ture. Ta rufe ido, ta karɓi cokalin farko, ta haɗiye lafiya. Sai ta ce da harshenta da ya yi nauyi, "Ruwaida, ya yi zafi."

Ni ce Ruwaida, ga ni tsaye a gabanta tana jin numfashina. Yaya ya mayar da cokalin bakinsa ya hura.

Daga ranar haka gidan ya zauna. Ya taso daga Kebbe da sassafe, ko ya kwana a Tambuwal, ya shigo ba sallama, ba turare, ya zauna a baya. Ni in koma inda idonta ba ya kaiwa. Ta ce, "Ruwaida, ƙara," ya ƙara. Ta ce, "Ruwaida, ya isa," ya goge mata baki. Wani lokacin ta gama sha amma ba ta ce a kwantar da ita ba, sai ta daɗe a jingine tana ba "Ruwaida" labarin gonar bayan gari. Babu wanda ya tsara wannan, babu kuma wanda ya taɓa maganarsa, har mijina Suhaibu. Na haihu, na yi arba'in, ƙarfina ya dawo, amma ban karɓi aikin ba. Na ga ba ciyarwa kaɗai ake yi a gadon nan ba.

Sai aka gayyace shi wani shirin rediyo kan kiwon lafiya. Aka tambaye shi me ya sa ya dage sai an samar da masu gasa jiki da motsa gaɓɓai a asibitocin karkara. Ya fara amsa irin ta 'yan siyasa, can sai muryarsa ta karye. Ya ce shi ya san abin a gidansu. Ya ce mahaifiyarsa da ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau a ƙirjinsa take jingina ta sha kunu. Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, abin ne ya cika masa ciki. Ya manta rediyon Inna kullum yana kusa da kunnenta.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Wani malami ya sa shi a wa'azi, ya ce a koyi biyayyar iyaye. Mata suka riƙa buga waya gidan rediyon, wasu har da kuka, kowa da tsohon da take jinya. Wani mutum daga Dogon Daji ya ce shi ya shekara da shekaru yana ɗawainiya da ubansa, ba wanda ya ba shi ko kujerar masallaci. A wurin niƙa na ji wata tana cewa, "Yau an kai uwa kasuwar ƙuri'a, gobe sai mi?" 'Yan adawa suka laƙaba masa Mai Cokali, in ya je taro su ɗaga cokula suna kaɗawa. Amma maganar da ta fi yawo daga Fakku ta fito, daga bakin waɗanda suka san Inna tun tana amarya. Su cewa suka yi ƙarya ce tsagwaronta.

Washegarin shirin da Yaya ya shigo ya zauna a baya, Inna ta ƙame jikinta, ta datse baki. Ta ce wa bango, "A ce wa wancan shi fita."

Ya fita. Ta sa na kashe rediyo na sa shi ƙarƙashin gado. Na koma ni nake tallafe ta, amma daga cokali biyu sai ta kau da kai. Maganin hawan jininta ba a shansa da wofin ciki. Kullum in na ɗaura mata zani sai na ga ya ƙara zagayawa. A cikin wannan halin ne Anisa ta kawo mini tambayarta.

Ranar kasuwa sai ga Gwaggo Lauratu, ƙawar Inna tun ta ƙuruciya, ta zo daga Fakku da ƙullin fura da daddawa. Ita ba ta iya magana a hankali ba.

"Ke dubi yadda kika koma! Don zancen 'yan siyasa? Mu da munka ji dariya munka yi. Na ce musu, wagga da ko inuwatai ba ta takawa? Ƙarya ta! Ɗan nan tun shina yaro akwai daɗin baki, shi ya sa yas samu kansila."

Inna ta buɗe ido. "Haka kunka ce?"

"Duk gari! Har liman. Wa bai san ki ba?"

Rabin bakin Inna mai motsi ya ɗan ɗaga. Ranar ta sha furar Gwaggo fiye da abin da ta sha a kwanakin baya gaba ɗaya. Ina tsaye da ludayi a hannu na gane abin da ke cinta. Ba fushi take da shi don ya riƙe ta ba. Tsoronta kada tsaranta su yarda ya riƙe ta.

Bayan sallar Juma'a Yaya ya zo, tare da Sambo, mutumin da ke kula masa da yaɗa labarai. Na tare su a zaure da jariri a baya.

Sambo ya ce, "Hajiya Ruwaida, abu kaɗan za mu yi. Ɗan bidiyo, ko fuskarta ba sai ta fito sosai ba. Honarabul na ba ta kunu, shi ke nan, mu rufe bakin maƙiya."

"Malam Sambo, taka uwar tana lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"To ka fara da ita."

Yaya ya ce, "Ke auta, bar rashin kunya." Ya zauna kan dakali, ya cire hula yana juya ta. Ya rame shi ma. "Maƙaryaci suka ce mini, Ruwaida. Jiya a Kebbe wani yaro da na biya wa kuɗin makaranta ya ɗaga mini cokali. Abu guda na gaskiya da nif faɗi a siyasata, shi aka ƙaryata."

"Yaya, Inna ba ta ci."

Ya ɗago.

"Tun randa kay yi maganar. Sai da Gwaggo Lauratu taz zo tac ce mata duk Fakku sun ce ƙarya kay yi, sannan tas sha fura. Ƙaryar ga da suka liƙa maka, ita ta rufa mata asiri. In ka wanke kanka, ita ka tuɓe."

Sambo ya ce ana maganar kujera ne fa, zaɓen fitar da gwani ya matso, mutane ba su zaɓen wanda suka ɗauka maƙaryaci. Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Sai Yaya ya zaro wayarsa ya miƙa wa Sambo.

"Jira ni a mota. In gidan rediyo sun kira, ka ce ba ni da ƙarin bayani. Yau da gobe da jibi."

"Honarabul, shiru ai amsa laifi na."

"Na ji."

Na leƙa ɗaki na ce wa bango, da ƙarfi yadda za ta ji, wai an ce wancan ya daina shiga rediyo, masu cewa ƙarya ya yi ma bai tanka musu ba, kuma ba zai tanka ba. Na ajiye kofin kunu, na koma bayan ƙofa.

Ya cire takalmi ya shiga. Ya zauna a baya, ya ɗago ta a hankali. Jikinta a ƙame yake, amma ba ta ce a fita ba. Ya kai cokali bakinta, ta ƙi buɗewa. Bai janye ba, bai matsa ba. Jaririna ya farka ya yi kuka ya koma barci, hannun Yaya yana nan a sama. Sai na ga kafaɗarta ta sauka, bayanta ya kwanta a ƙirjinsa. Ta karɓa, ta haɗiye, ta yamutsa fuska.

"Ruwaida," ta ce, "ya huce."

Na fito daga bayan ƙofa na ɗauki kofin na kai murhu. Hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Yaya bai samu takarar ba. Ko cokalin ne ya kayar da shi, ko abin da ya saba kayar da mutane, ban sani ba, shi ma bai taɓa cewa ba. Har yau in ya ratsa kasuwar Kebbe akan samu mai kiran Mai Cokali, ya ɗaga hannu ya wuce. Inna ta ƙara ganin sabon gero sau ɗaya. Ta sa na dama fura, ta ce in kai wa wancan, duk da Iya ta daɗe da rasuwa, babu sunan wanda za a fake da shi. Ta leƙa ƙwaryar da na dawo da ita. Allah ya jiƙanta.

Anisa kuwa, wata safiya na kama ta tana leƙen labule. Na ja ta madafa na ce, "Kin gani da idonki. Kawunki ba maƙaryaci ba na, kuma Inna na son shi. Amma wanga na cikin gida na, ko Sharifa ba a gaya ma." Ta ce to in an sake tsokanarta fa? Na ce ta zo ta gaya mini. Na je Islamiyyar da kaina na roƙi malama ta hana zancen siyasa a aji, ta kuma hana.

Na sauya sunaye kafin in rubuta wannan, amma ƙasarmu ba ta da faɗi, wani zai gane gidan. To kai da ka gane, ka kama bakinka. Gwaggo Lauratu tana nan da ranta, tana ba jikokinta labarin ƙawarta da ba ta taɓa sassauta kunya ba har ta koma ga Allah. Kada ka kai mata gyara. In kuma kana jinyar wani, aka miƙo maka abin magana, ka tuna labarin ba naka ba ne kai kaɗai. Ka koma ɗaki ka tambayi mai jingina da kai tukuna, in bai yarda ba ka yi shiru.