Shanyar Yaya Herminia

A garinmu, in zaitun ya yi fure a watan Mayu, ko a kan teburin cin abinci sai ka rubuta sunanka da yatsa cikin ƙurar nan ruwan ɗorawa. Mu dai mun saba. Wadda abin ya sa a gaba ita ce Araceli, 'yar yayata Herminia, da ke aiki can Santander, ba ta zuwa gida sai lokacin bikin San Isidro.

Da ta kwana ɗaya sai ta tashi hanci a toshe, ido jawur, atishawa ba ƙaƙƙautawa. Tana shan ƙwayoyinta, tana rufe taga, duk a banza. Bana ta zauna karin kumallo, ta gutsiri burodi da man zaitun, ta ajiye.

"Mama, ko ɗanɗanonsa ba na ji. Gobe zan koma. Baɗi kuma ku yi bikinku ba ni."

Na ga abin ya soki Herminia. Yayata mace ce mai tsafta har ta yi yawa. A ganinta, in 'yarta na atishawa a gidanta, to datti ne ya ɓuya a wani lungu, abin kunya kuma nata ne. Shi ya sa kullum sai ta yaye zanen gadon Araceli ta wanke, ta haye soro ta shanya yana fuskantar gonaki. Duk unguwa an san ba shanyar da ta kai tata haske, ita ma ta sani.

Ranar na hau soron in taya ta ninki. Muka kama zanen baki da baki, muka karkaɗe, sai ga ƙura ta tashi cikin rana. Na shafa rigar matashi, yatsana ya fito rawaya.

"Yaya, wannan wa za a shimfiɗa wa?"

"Wa kuwa in ba 'yata ba?"

"Ashe ke ce kike kai mata gonar har gado."

Ta harare ni. Na ce: "Hancinta kamar karen maƙwabcinki Anselmo yake, da mai sallama da ɓarawo duk haushi ne. Ƙurar furen ba ta da laifi. Amma tana taɓa cikin hancin, jiki sai ya ɗauka maƙiyi ne, ya kumbura hanya, ya sako ruwa, ya yi ta atishawa don ya kore ta. Yarinya ta rufe taga, ke kin ba ta matashi cike da abin ta kifa fuska."

"Ke Fuensanta, don kin tsufa kina sayar da maganin tari a kanti sai kika zama likita? Uwarmu a rana take shanya."

"Uwarmu ba ta haifi Araceli ba. Ki shanya a ɗaki."

"A ɗaki? Kamar wata ƙazama? A ce Herminia ta kasa hawa soro?"

Haushi ya kama ni, na sakar mata zanenta na sauka. Mai taurin kai ce tun muna yara.

Da la'asar na leƙo, na tarar an ja igiya daga ƙusar hoton mijinta, marigayi, zuwa ƙofar kicin. Zannuwa jiƙaƙƙu sun cika falo, tagogi a rufe. Daga waje Casilda, matar Anselmo, ta ƙwala kira:

"Herminia, lafiya kuwa? Yau soronki fayau!"

"Hutawa nake. Ke da kika saba, koya mini."

Washegari na zo in raka Araceli tasha. Na samu yayata zaune kan kujera a ƙofar ɗakin Araceli, hannu bisa cinya. Ta ɗora yatsa a leɓe. Na kasa kunne: ba atishawa, ba fyace hanci, sai numfashin mai barci, da ɗan minshari kaɗan.

"Duk shekarun nan ni nake korar ta," ta ce a hankali. "Da hannuna. Har guga nake yi wa zanen."

Tausayinta ya kama ni. Can a dandali motar safe ta danna hon.

"Yaya, motar fa?"

"Bar ta ta wuce. In Araceli ta tashi ta yi faɗa da ni, ni na kashe mata ƙararrawar agogo."