Farfesa da kwalbar ruwan gishiri

Shekara biyu na yi ina fama da furotin guda ɗaya, na ƙwayar cutar da ke kawo zazzaɓin taifus na daji, wanda wani mitsitsin ƙwaro mai kama da kaska ke sa wa manoma. Ƙwayar tana da haɗari, ga wuyar reno, don haka nakan yanko guntun gadon halittarta in dasa a wata bakteriya mai sauƙin kai, ita ta riƙa yi mana furotin ɗin, mu gwada jinin majinyata da shi. Sau goma sha ɗaya yana dunƙulewa a gindin kwalba kamar majina. A na sha biyu ya fito tas.

Farfesa, shugaban sashenmu, bai taɓa leƙowa ba sai ranar da baƙi suka zo duba aikin. Ya shigo da farar riga sabuwa fil, ko ninkinta bai warware ba. Ya buɗe firji, ya zaro kwalbar ruwan gishiri, ya ɗaga sama.

"Ga guminmu na shekara biyu!"

Wata dattijuwar likita cikin baƙin ta karanta rubutun jikin kwalbar, ta gyara tabarau. "Yaya kuka hana shi dunƙulewa?"

"Sirrin sana'a ne," in ji shi, yana dariya shi kaɗai.

Ta juyo gare ni. Kafin in buɗe baki ya tare: "Wannan, kwalabe kawai take wanke mana."

Da takardar binciken ta fito, sunansa ne a sama, sai na surukinsa mai shagon magani. Ni an gode mini a ƙasa, layi ɗaya da direba.

Dattijuwar ta kira ni aiki a wurinta. Na ajiye wa Farfesa littafin aikina a kan tebur, na tafi.

Bayan wata huɗu ya bugo waya. "'Yata, abin nan ya ƙi fitowa."

"Ranka ya daɗe, yana shafi na arba'in. A rage zafin injin reno zuwa digiri sha shida."

"Wane ne injin renon?"

"Wanda ke jijjiga, kusa da taga."

Na ji biro yana ƙarar rubutu. Ya yi gyaran murya.

"Dama abin da na yi zato ke nan," ya ce, ya kashe wayar.