Warin Fetur a Ɗakin Soro

Hancin Shafa'atu ba ya yi mata ƙarya. Matar da take gane miya ta fara juyawa tun daga bakin ƙofar madafa, ita za a ɓoye wa warin fetur? Wata ranar Talata ta fito kwashe shanya, ta tarar da wandon makarantar babban ɗanta a ƙarshen igiya, an yi masa wankin samari, gefe ya fita gefe bai fita ba. Ta kai shi hanci sau ɗaya. Fetur ne, sabulu bai iya kashe shi ba.

A Illela fetur ba abin mamaki ba ne, ga shi nan a kwalabe da jarkoki bakin kowace hanya. Amma gidan Malam Zaharaddini gidan ma'aikacin sakatariya ne, babur ɗaya gare su, kuma maigidan kaɗai ke hawansa. Shafa'atu kuwa ta san abin da ke sa kayan yaro ɗan shekara sha shida warin fetur. Ƙanenta Maliki yana kamar wannan shekarun ya fara ɗaure jarkoki a babur yana bin hanyar daji zuwa Kwanni, ƙetaren iyakar Nijar. Wata rana babur ɗin ya faɗi da shi ya kama wuta. Ba a bar mata sun ga gawarsa ba.

Da wata uwar ce, sai ta ƙwala wa yaro kira ta titsiye shi. To, Sufyanu ɗan fari ne. Tun ranar da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta goya shi gaban mutane ba, ana yaye shi kuma aka kai shi Amarawa wurin kakarsa Lubabatu, bai dawo ba sai da tsohuwar ta rasu, yana shirin shiga sakandare. Shi Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Ita kuma “wancan” take cewa, ko “yaron nan”. In baƙuwa ta tambaya ko ɗanta ne, sai ta kau da kai ta ce ɗan gidan ne. Dangin miji suna yabon kunyarta a wurin biki da suna, ita ma, gaskiya, tana jin daɗin yabon.

Bayan ƙaramar Sallah, da muryar yaron ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, uban ya share masa ɗakin soro ya danƙa masa makulli. Ya ce ya girma, bai kamata ya ci gaba da kwana cikin gida tsakanin ƙanne mata ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa: babu ƙwallo sai an gama jarrabawar fita. Sufyanu kuwa da ƙwallo kamar tare aka haife su, har a hanyar masallaci yana tafe yana shurin duwatsu. Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Daga ranar wandon nan Shafa'atu ta buɗe ido da kunne. Abin da ta fara lura da shi, yaron ya daina shigowa gaisuwar safe, daga soro yake ɗaga murya ya ce, “Adda, ina kwana.” Ya daina zuwa makarantar ma, wai an ba su hutun bita. Abincinsa ƙanwarsa Surayya ke kai masa, kwanon kuma ya dawo da rabin tuwo, yaron da a da yake suɗe kwano har ya leƙa tukunya.

“Mi wancan yake yi a ɗaki?” ta tambayi Surayya, tana tsince shinkafa kamar ba ta damu ba.

“Shina karatu. Ba ya bari in shiga, ta bakin ƙofa yake amsa.”

“Ɗakin ba ya wari?”

Surayya ta yamutsa hanci. “Kamar wurin masu gyaran babur.”

Sai ga Abdulmalik, abokinsa, ya maida soron gidan kamar na ubansa. Ya zo da hantsi, ya zo da la'asar, kullum da wani abu ƙunshe cikin riga. Shafa'atu ta leƙa ta tsagin ƙyaure ta ga abin da idonta: robar ruwa ce, amma abin da ke ciki ba ruwa ba ne. Kowa kuma ya san yayan Abdulmalik ɗan sumoga ne, baburinsa mai ƙaton tanki ya fi shi suna a unguwa. A makon nan tsohon zanenta ya ɓace daga igiya. Ta tuna Maliki ma da tsumma yake toshe bakin jarkokinsa. Komai ya zauna mata daidai, babu abin da ya rage sai ranar da za a zo a yi mata gaisuwa.

Ta tari maigidan yana shan fura bayan azahar. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, don maganar ɗan fari ko ga miji nauyi gare ta.

“Malam, kana dai duba soron nan?”

“Mi yaf faru da soro?”

“Yara na shige da hice. Kuma na ji wari.”

Malam Zaharaddini ya ajiye ludayi yana murmushin mutumin da dabararsa ta ci. “Ke dai ba ki rasa abin zargi. Ni na hana shi ƙwallo, kuma ya hanu. Kullum na wuce ina jin shi ciki shina bita. Yaro ya natsu, ki bar shi.”

“Masallaci hwa? Ka gan shi a sahu kwanan ga?”

Ya ɗauki ludayinsa. Shi a sahun gaba yake tsayawa, bai cika waiwaye ba. “Shina zuwa mana,” ya ce, ya ci gaba da shan furarsa. Shi ma ɗin, in za a faɗi gaskiya, bai taɓa zama da yaron sun yi hira ta minti biyar ba.

Haushi ya cika Shafa'atu, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Tana son yaron nan son da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ita ke zaɓar masa tsokar da ta fi girma ta tura ƙarƙashin tuwo, ta ce Surayya ta kai. Ita ke tsayawa bayan ƙyaure ranar da suka ci wasa, tana sauraron samari suna rakiyarsa da ihu suna kiran sunan da ita ba ta iya kira. Yanzu ga shi za a ɗora shi kan jarkoki, ita kuma tana tsakar gida da kunyarta.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, maigidan ya tafi ta'aziyya Gidan Katta tun da safe. Gari ya cika da kukan raƙuma da motocin shanu, ranar da kowa ke ƙetare iyaka ba mai tambayar wani. Wajen hantsi ta ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Ta leƙa. Baburin nan ne mai ƙaton tanki, Abdulmalik ya kafe shi ya shige soro da sauri, ya bar makulli a jiki.

Ba ta san lokacin da ta zura hijabi ba. Ta ratsa soron, ta fita ƙofar gida, ta zare makullin ta damƙe a hannu. Tana juyowa suka yi kiciɓis da Abdulmalik. Shi dai ba ɗanta ba ne, babu kunyar da za ta hana ta.

“Ina za ku?”

“Inna, ina kwana.”

“Ban tambaye ka kwana ba. Ina za ku da wanga babur?”

Ya ce, “Kwanni.”

“Na sani. Ina jarkokin?”

“Waɗanne jarkoki, Inna?”

“Kada ka maida ni sakarya, Abdulmalik. Na ga robar da kake shigowa da ita. Na binne guda saboda hetur, ba ni binne na biyu. Kauce.”

Bai kauce ba, sai da ta ture shi. Ta tsaya a bakin ɗakin da ba ta taɓa taka ƙafa cikinsa ba, ta ɗaga labule. Warin fetur ya buge ta, amma a ƙarƙashinsa akwai wani warin, irin na naman da ya kwana biyu a rufe cikin zafi. Ta shiga. Idonta a ƙasa yake, kamar yadda ta saba in yaron yana wuri. Ta duba bayan ƙofa, ba komai. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, sai takalmin ƙwallo ɗaya da safa mai busasshen jini. Babu jarka ko ta shan ruwa.

Tana ɗagowa ta ga zanenta. An yayyaga shi an naɗe ƙafar da ke kan gadon, daga gwiwa zuwa idon sawu, an tallafe da karan dawa. Yatsun sun kumbura sun yi sheƙi. Ta kai hannu ta warware tsumman a hankali, sai ga ciwo a buɗe, naman ya fara ruɓewa.

Abdulmalik ya fara magana daga bakin ƙofa. Wasan ƙwallo ne da 'yan Tozai, na ƙarshe, kuma ba su da mai cin ƙwallo in ba Sufyanu ba, su suka matsa masa ya fito a ɓoye. Wani ya hau shi da takalmi mai ƙusa, ƙafar ta tsage, ƙashin ma ya yi ƙara. Suka ɗauko shi ana sallar magariba suka shigo da shi. Suka zuba wa ciwon fetur don ya kashe dafi, kamar yadda 'yan acaɓa ke yi in sun faɗi, da bai yi ba suka ƙara da man birki. Asibiti kuwa, Sufyanu ya ce ko kusa, don rabin ma'aikatan sun san Malam. Shi ne yau za su kai shi wurin wani mai ɗori a Kwanni, inda ba wanda ya san ubansa.

Sai a lokacin Shafa'atu ta dubi fuskar ɗanta. Ta lissafa wando, ta lissafa kwano da roba da zane, ta bi kowane wari da hancinta, amma fuskar nan ba ta dube ta ba, ba a makon nan ba, ba a shekarun da suka wuce ba. Ya rame, leɓɓansa sun tsattsage, ga ɗan gashin bakin nan da bai gama fitowa ba duk gumi. Idanunsa a rufe suke.

“Da asuba ma mun yi magana,” in ji Abdulmalik. Ya matso ya girgiza kafaɗarsa. “Kyaftin. Kyaftin, tashi.”

Bai motsa ba.

“Kai,” ta ce. “Kai yaro.”

Shiru. Ta ɗora tafinta a goshinsa, zafin ya ratsa ta kamar ta taɓa murfin tukunya. Surayya ta iso bakin ƙofa, maƙwabciya ma da ta ji hayaniyar babur ta leƙo. Shafa'atu ta gan su sarai. Ta sunkuya daidai kunnensa.

“Sufyanu.”

Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare. Ta sake, da ƙarfi.

“Sufyanu, buɗe idonka.”

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallonta, yana neman gane wace ce, don bai san sunansa da wannan muryar ba. Can ya ce, “Adda, kada ki hwaɗa wa Baba.”

“Yi shiru. Ni zan ji da Babanka.”

Ta jefa wa Abdulmalik makullin ta ce ya bar baburin nan inda yake, ya nemo mota ko ta wace iri ce. Da motar ta zo, ita ta tallafi kansa a cinyarta, a bainar jama'ar unguwa, har cikin babban asibiti.

Likitan da ya duba ƙafar bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce ƙashi ya tsage, ciwon kuma ya ci ciki, dole a shiga da shi yanzu a kankare ruɓaɓɓen naman. Ƙafar dai yana sa ran za ta tsira, amma da sun ƙara kwana, da wata maganar ake yi. Ƙwallo kuwa, kada ma a tambaye shi yau.

“Yaro shina cikin gida ƙahwa tana ruɓewa, ba wanda ya gani?” Ya dube ta ta saman tabarau. “Ina iyayensa? Ba ni taɓa shi sai uwa ko uba ya yarda. Ke mi kike gare shi?”

Tsohuwar amsar ta zo mata har bakin leɓe, ɗan gidan ne, don ta saba fita da kanta. A bencin da ke gefe akwai wata dattijuwa daga dangin maigidan, cikin masu yabon kunyarta, ta zo awon jini, ta kuma kasa kunne. Shafa'atu ta dubi yaron a kan gadon turawa, shi ma ita yake kallo.

“Ni na haihe shi,” ta ce. “Ɗana ne na hwari. Ku shiga da shi.”

Aka tura gadon. Ta bi shi tana riƙe da babban yatsan ƙafarsa mai lafiya, har sai da ma'aikaciyar jinya ta ɓanɓare hannunta a bakin ƙofa.