Rijiyoyin Malam Zakari

Malam Zakari na Guci tela ne, amma ba ɗinki ya sa aka san shi ba. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana rubuta tarihin rijiyoyin ƙasar Dungas: wanda ya haƙa, gaba nawa aka yi kafin a tadda ruwa, da waɗanda ramin ya rufta da su. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Da ajami yake rubutu cikin kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, har goma sha ɗaya suka cika. Bik kuwa, wato biro, bai taɓa riƙe shi ba, ya ce wannan na 'yan duwan ne masu karɓar kuɗin fito. Kara yake feƙewa, ya haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro yadda ya ga kakansa na yi.

'Yarsa Fanna, mai koyarwa a Magarya, ta sha roƙonsa.

"Baba, ba ni yini ɗaya in ɗauki hoton shafukan nan da salula."

"Salular da kuke kallon 'yan rawa a ciki? Nan za ki zuba mini rijiyoyi?"

"Tawadar nan ko yawu ya ɗiga mata ta tafi."

"Wa ya ce ki tofa?"

Kayen suna cikin adakar auren matarsa Ɗela. Ya fid da zannuwanta ya zuba takardunsa, ya rataya mabuɗin a wuya. Sau ɗaya ta ɗaga su don ta share ƙasan adakar, ya yi wata guda bai ci tuwonta ba. Ranar da masassara ta kashe ɗansu Nassirou yana da shekara shida, Malam yana can Mallawa yana tambayar wani tsoho zurfin wata rijiya. Ya dawo an riga an rufe yaron. Ya karɓi gaisuwa, ya shiga zaure ya feƙe kara, wai kada abin da tsohon ya faɗa ya kuɓuce masa. Mutum na iya son takarda har ya manta da mai rai. Wannan ba ilimi ba ne, cuta ce.

Bayan kaka, yana kan keken ɗinki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da ƙwayoyi. Baki ya karkace, magana ta ɗauke, amma idonsa da hankalinsa ras.

Ƙanensa Tamu ya bar shanunsa ya zo jinya. Mutumin kirki ne, sai dai ko alif bai sani ba. Yana yi wa wansa wanka ya ga mabuɗi, ya buɗe adaka, ya ga baƙaƙen Larabci shafi bayan shafi, kowane kaye da Bisimilla a kansa.

"Ɗela, ashe Yaya kwance yake kan maganinsa! Waɗannan ba addu'o'i ba ne?"

Ɗela ta sani sarai. Shekara da shekaru tana jin yana karanta su da ƙarfi a zaure tana daka. Ba ta ɗaga kai daga waken da take tsinta ba.

"Ni me na sani? An ce kada in taɓa."

"Rubutun da mutum ya yi da hannunsa ai ya fi kama jikinsa."

"Kai ne namiji."

Tamu ya kawo ƙwarya da ruwa ya ajiye gaban tabarmar. Ya yi Bisimilla, ya ciro shafuka ya tsoma. Tawadar gawayi ba ta gardama. Nan take ruwan ya yi baƙi, takardar ta koma fara. Malam Zakari ya yi wani gurnani, ya shiga dukan ƙasa da hannun hagu.

"Kin gani?" in ji Tamu. "Tun bai sha ba ya fara motsi. Riƙe mini kansa."

Ta riƙe. Malam ya datse haƙora, Tamu ya toshe masa hanci har ya buɗe baki. Kullum kaye ɗaya, rabi da safe, rabi da la'asar. Dagwalon takardar kuwa Tamu ya riƙa binnewa bayan danga don girmamawa.

Ranar Asabar ta biyu Fanna ta sauka daga kabu-kabu, ta tarar da ƙwarya a gaban ubanta, leɓensa baƙi ƙirin, kaye ɗaya tak ya rage a hannun Tamu. Ta fizge.

"Baba Tamu, me ka yi?"

"Magani, 'yata."

"Saurara ka ji maganin." Ta buɗe, tana haɗa baƙi a hankali. "Rijiyar Tsamiya ta Mallawa, gaba goma sha tara. Tsoho Gurgu ya haƙa ta shekarar da fara ta cinye gero."

Tamu ya zauna daɓas, ya riƙe baki. Fanna ta juya ga uwarta.

"Inna, ke kin sani."

"Ta Mallawa kika ce?" Ɗela ta goge hannu a zane. "To, wannan na ranar ne. Duba mini. In akwai sunan ƙanenki a ciki, ko sau ɗaya, ki tafi da shi Magarya ki yi masa hoto."

Fanna ta duba shafin. Ta duba na bayansa, da na bayan wancan, har bango. Akwai sunan maƙerin da ya yi dagi, akwai na mai jakin da ya kwashe ƙasa. Malam Zakari na kallonta, hawaye na bin karkataccen kuncinsa.

"Akwai?" in ji Ɗela.

Fanna ta rufe kayen. Uwar ta miƙa hannu, 'yar ta ɗan riƙe, sannan ta saki.

Tamu ya ce, "Ɗela, ki ji tsoron Allah. Yanzu ai mun sani."

"Ni dā ma na sani."

Ta durƙusa gaban mijinta, ta danna kayen cikin ƙwaryar duka, ta murza da tafin hannu yadda take wanke gero.

"Malam, ka ce babu mai taɓa su sai kai. Goma suna cikinka, saura wannan. Buɗe bakin."